Yadda ake toshe ƙofofin asara a kanti da sito: aikin mai tsaro da abin da ya rage wa maigida

Duk ɗan kasuwar da ka tambaya a Sabon Gari ko PZ ko Tudun Wada a Zariya me ya tanada don tsaron dukiyarsa, amsar guda ce: akwai maigadi, akwai kwaɗo. A ganina nan ne kuskuren yake farawa. Kayan da ake haurowa ta katanga a ɗauka da dare su ne ake ba da labarinsu a majalisa, amma waɗanda ke karya ɗan kasuwa a hankali su ne masu fita da rana tsaka ta babbar ƙofa, katan ɗaya yau, buhu ɗaya jibi, wani lokaci ma maigadin ne ya buɗe get yana ɗaga wa direba hannu, domin ba wanda ya taɓa gaya masa ƙirga kaya yana cikin aikinsa.

Yi wannan lissafin kafin komai. A ce ribarka naira 5 ce a kowace 100. Idan kayan naira 50,000 suka salwanta, sai ka yi cinikin naira miliyan 1 kafin ka mayar da gurbinsu. Wanda ya fahimci haka ba zai ƙara kallon kuɗin gadi a matsayin sadaka ba.

Mataki na farko: a zagaya wurin da idon ɓarawo

Kafin ka ɗauki kowa ko ka sayi komai, samo wanda ya san aikin tsaro, ko tsohon ɗan sanda ko soja da ya yi ritaya, ko jami'in wani kamfanin gadi, ku zagaya wurin sau biyu: da rana lokacin da ciniki ya kankama, da kuma bayan isha'i. Riƙe littafi. Ba ƙofar gaba za ku tsaya kallo ba, ita kowa ya san da ita. Ku leƙa bayan gini, inda lungu yake da kwata. Ku duba ko bulon bango na inci shida ne wanda guduma za ta huda cikin ɗan lokaci. Ku ɗaga kai: rufin kwano ne, silin ɗin kuma a haɗe yake da na shagon maƙwabci? A layukan shaguna da yawa bangon tsakani bai kai har kwano ba, wanda ya shiga rufin shago ɗaya sai ya rarrafa zuwa na biyar. Akwai bishiya ko tulin bulo ko tsohuwar mota a jikin katanga da za ta zama tsani?

Sannan ku rubuta duk abin da zai iya jawo asara, ba sata kaɗai ba: gobara, yoyon rufi, ambaliya ga masu sito a gangaren kogin Kubanni, ƙwari da ɓeraye, kaya su wuce wa'adinsu, alat na bogi, bashin da ba a rubuta ba. Gaban kowanne ku amsa tambaya biyu. Sau nawa yake faruwa? In ya faru, nawa zai ci? Abin da ke faruwa kullum amma kaɗan-kaɗan, maganinsa tsari ne da takarda. Abin da ba ya cika faruwa amma in ya zo zai tashi kasuwancin gaba ɗaya, kamar wuta, maganinsa tanadi ne da inshora. Da wannan jerin za ka san inda kuɗinka zai fara zuwa, don kada ka sayi kyamara huɗu alhali wayar wutar sitonka a tsirara take.

Na biyu: a san abin da ke ciki

Ba a gadin abin da ba a san adadinsa ba. Rufe wurin rana ɗaya, ko ka zaɓi ranar da ciniki ya yi sanyi, a ƙirga komai. Kowane nau'in kaya a ba shi katinsa ko shafinsa a littafi: ranar shigowa, nawa ya shigo, nawa ya fita, saura nawa, sa hannun wane.

Yadda aka jera kaya shi ne rabin ƙirga. Buhuna a ɗora su kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda mutum zai ratsa, a yi layi daidai wa daida, ta yadda in ka ninka tsawo da faɗi da hawa za ka sami adadi. Amma kada ka yarda da ninkawa kawai. Tsohuwar dabara ce a zare buhunan tsakiya a bar na gefe da na sama, tari yana nan tsaye kamar ba a taɓa shi ba. Sa yaro ya hau sama ya taka tsakiyar. Katan kuma a riƙa juya shi: wanda aka farke ta ƙasa aka zare gwangwani biyu aka sake manne shi, gam ɗinsa ba ya kama da na kamfani, a hannu ma ya fi 'yan uwansa sauƙi. Ajiye sikeli a bakin sito. Buhun masara ko shinkafa da aka soka wa ƙarfe aka tsiyaye mudu guda, ido ba ya ganewa.

Bayan babbar ƙirga, sai ƙirgar ba-zata. Ka zo ba sanarwa, ka zaɓi kaya iri uku, musamman ƙanana masu tsada, ka gwada da littafi. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: mai riƙe da sito ba shi ne zai ƙirga kansa ba.

Na uku: ƙofa, inda aikin maigadi yake na gaske

Kaya su shiga ta ƙofa ɗaya, su fita ta ƙofa ɗaya. In akwai ta baya, a rufe ta ta ciki a bar ta don gudun gobara kawai. Sannan a raba aiki gida uku: mai karɓar kuɗi ya rubuta rasit, mai sito ya fitar da kaya bisa rasit ɗin, maigadi ya ƙirga a bakin get. Rasit mai lamba a jere, mai kwafi uku: ɗaya na mai saye, ɗaya na sito, ɗaya ya tsaya a hannun maigadi. Da yamma a haɗa na sito da na maigadi a gwada. In lamba ta tsallake, a nemo ta a ranar, kada a bari ta kwana.

Ga yadda abin yake a zahiri. A-kori-kura ta loda siminti, direba ya tayar da mota ya matso bakin get yana danna hon. Maigadi bai taɓa sakata ba. Ya karɓi takarda, ya ga an rubuta buhu 40, ya zagaya bayan mota ya ɗage tamfol, ya ƙirga layi-layi da yatsa, ya sami 42. Direba ya leƙo: "Haba Baba, kullum fa nan muke lodi." Maigadi ya ce, "Na sani, ɗana. Kashe motar tukuna, a kira Malam na sito." Ba faɗa, ba zagi, ba kiran kowa ɓarawo, domin sau da yawa 'yan dako ne suka yi kuskure cikin sauri. A sauke biyun, maigadi ya rubuta a littafinsa: ranar, lokacin, lambar mota, abin da aka samu. In irin wannan kuskuren ya maimaitu da mota ɗaya da mai lodi ɗaya, littafin ne zai yi magana.

Kayan shigowa ma haka. Tirela ta zo daga Legas ko Kano, a gwada webil, wato takardar da ke lissafa kayan, da abin da aka sauke kafin a sa hannu, a rubuta fasassu da jiƙaƙƙu a jikin webil ɗin a gaban direba. Lokacin sauke kaya maigadi ba ya kama buhu don taimako, ba a kuma aikensa sayen ruwa. Tsayuwa da kallo shi ne aikinsa. A lura da abin da ke fita da sunan shara: kwalayen da ba komai a ciki a buɗe su a baje kafin su wuce get.

Yanzu ga inda yawancin tsare-tsare ke mutuwa a garin nan. Ƙanin Alhaji ya zo ya ɗauki katan ɗin taliya, "na gida ne". Ɗan Hajiya ya zo da mashin ya ɗora jarkar mai. Maigadi yana gani, amma wa zai tare jinin maigida? Daga ranar da aka yi haka sau ɗaya, yaran shago sun koyi cewa akwai kayan da ke fita ba takarda, kuma kalmar "Alhaji ne ya ce" ta zama makulli. Maganinsa a hannun maigida yake. Ka tara kowa, har 'yan uwanka, ka faɗa a gaban maigadi cewa ko kai ne za ka ɗauki sabulu sai da takarda. Sannan ka aikata: ka rubuta wa kanka rasit na kayan cefanen gida, ka miƙa masa a bakin get kowa yana kallo. Kyauta da sadaka da zakka su ma a ba su shafinsu. Ba rowa ba ce, ba a hana ka bayarwa ba, sani kawai ake so a yi.

Na huɗu: makullai

A sa wa sito kwaɗo biyu, makullin ɗaya a hannun mai sito, na ɗayan a hannunka ko wakilinka, yadda ba mai buɗewa shi kaɗai. Maigadi ya riƙe na get, ba na sito ba. Wannan kariya ce gare shi ma, ranar da abu ya ɓace ba za a fara da shi ba. Kwaɗo mai kauri a kan marfin da ƙusoshinsa ke waje aikin banza ne, sai a sa mai walda ya ƙera masa akwatin ƙarfe da zai rufe shi yadda almakashin yankan rodi ba zai samu wurin kamawa ba. Makulli ya ɓace ko yaro ya bar aiki, a sauya kwaɗo a ranar. Kada a bar kwaɗo a buɗe yana rataye a jikin ƙofa da rana, ana musanya shi da irinsa wanda wani ke da makullinsa, kai da hannunka ka kulle musu da yamma.

Na biyar: wa za a ɗauka

Hanya biyu ce. Ko ka ɗauko daga kamfanin gadi, ko ka ɗauki mutum kai tsaye. In kamfani ne, nemi ganin lasisinsa. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta wajabta lasisi, hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu, kuma dokar ta hana masu gadinsu riƙe bindiga. Duk wanda ya zo maka da alkawarin yaransa za su zo da makami, sallame shi. Tambayi kamfanin nawa ne ke isa hannun maigadin daga kuɗin da za ka biya, wa ke zagayen duba su da dare, wa zai maye gurbi in ba shi da lafiya, kuma me yarjejeniya ta ce in aka yi asara saboda sakacinsu. A rubuce, ba da baki ba.

In kai tsaye ne, to sai da mai tsaya masa, mutumin da ke da gida ko sana'a a gari, wanda za ka je ka gan shi da idonka. A karɓi lambar NIN da hoto, a san unguwarsa da mai unguwarsa, a kai sunansa ga shugabannin kasuwa. A tambayi inda ya yi aiki a baya da dalilin barinsa. Ya iya karanta lamba da ƙirga? Wannan ya fi faɗin ƙirji amfani. Ni dai na fi son dattijo mai natsuwa da ba ya jin kunyar cewa "tsaya" a kan matashi mai ƙarfi da idonsa ke kan waya.

Sai haƙƙinsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, kuma ko da dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ta nuna maka inda rayuwa ta kai. Mutumin da ka ɗora a kan kayan miliyoyi kana biyansa abin da ba zai sayi buhun masara ba, kuma sai goma ga wata, da rana dole ya tafi acaba ko dako, da dare kuma barci zai yi. Biya shi a kan lokaci, ba shi hutun rana guda a mako, kada mutum ɗaya ya yi dare da rana. Kayan aikinsa ba su da tsada: tocila mai ƙarfi, usur, sanda, rigar ruwa da takalmin roba don damina, rigar sanyi don hunturu, waya mai caji da kati, littafi da biro.

Na shida: dare

A yi miƙa aiki da baki da kuma takarda. Mai rufewa da maigadin dare su bi ƙofofi tare, su jijjiga kowane kwaɗo, su sa hannu. Da safe a maimaita kafin ya tafi. Zagaye kada ya zama na agogo, wanda mai leƙe zai haddace. Wani lokaci bayan minti ashirin, wani lokaci bayan awa, yau ta dama, gobe ta hagu. Fitila ta haska bango da lungu, shi kuma ya zauna a inda duhu yake, yana gani ba a ganinsa. Fitilun sola masu kamawa da kansu sun sauƙaƙa wannan.

Akwai lokutan da aka san tsaro yana sakwarkwacewa: daren da ake tafka ruwa a watan Agusta, lokacin da ƙarar kwano ke rufe ƙarar guduma, tsakanin ƙarfe biyu da kiran asalatu, lokacin sallar Juma'a, shan ruwa da tahajjud a azumi, kwanakin Sallah da kowa ya tafi kallon hawa a ƙofar fada. Waɗannan ake ƙara wa mutum, ko a yi karɓa-karɓa. Masu shaguna a layi ɗaya gara su haɗa kuɗi su ɗauki mutum biyu ko uku masu jin usur ɗin juna, da kowa ya ajiye nasa shi kaɗai.

A rubuta lambobi a manna a ɗakin gadi: taka, ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, ta 'yan sintirin unguwa ko jami'an KADVS (rundunar sintiri ta jihar Kaduna) na yankin, ta 'yan kwana-kwana, da 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa. Kuma ka gaya masa da bakinka: in masu bindiga ne, kada ya yi jarumta. Ya ɓuya, ya kira, ya riƙe abin da ya gani, su nawa ne, da wace mota, ta ina suka bi.

Na bakwai: kuɗi

Kada kaya su fita don an nuna maka saƙo a waya. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. Mai gaggawa da ke cewa "ga shi nan ya fita daga wajena, netwok ne" sai ya jira netwok ɗin. Na'urar POS ta kasance da sunan kasuwancin, a hana yara karɓar taransifa a asusunsu, a haɗa lissafinta da rasit kowace yamma. Tsabar kuɗi kada su kwana a shago, mai kai su banki kuma ya riƙa sauya lokaci da hanya, ba tare da sanar da kowa ba.

Na takwas: wuta, ruwa da ƙwari

Ɓarawo yana ɗaukar abin da zai iya ɗauka, wuta ba ta barin komai. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna cikin dare ɗaya. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, komai a bushe yake, iska kuma tana kaɗawa. Mai rufe shago ya kashe babban makunnin wuta, ba na fitila kawai ba, saboda wutar da ake dawowa da ita tsakar dare da ƙarfi. A kira mai gyaran wuta ya sauya wayoyin da aka yi wa ɗauri da leda. Fetur da janareto su zauna a waje, nesa da kaya.

A sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, a rataye ta kusa da ƙofa, ba can ƙurya bayan kwalaye ba. Duba allurar agogonta, ta tsaya a kan kore. Koya wa maigadi da yara: a zare fil, a nufi gindin wutar ba harshenta ba, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu. Ba ta kai rabin minti take ƙarewa, don haka ta farkon wuta ce. Ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta lantarki. Bokitin yashi biyu a bakin ƙofa suna da amfani.

Abu biyu na kashe masu gadi ba tare da ɓarawo ya zo ba. Ɗaya, kaskon gawayi ko hayaƙin janareto a ɗaki rufe lokacin sanyi. Na biyu ya shafi masu ajiye hatsi, irin masu sayo masara da wake daga Giwa da ƙauyukan kewaye su tara: ƙwayar maganin ƙwari irin su Phostoxin iska mai guba take fitarwa. Ba a kwana a siton da aka sa ta, ko a ɗakin da ke manne da shi. Hatsin ma a tabbatar ya bushe sosai kafin a ɗinke, wake kuma buhun PICS mai ninki uku yana riƙe shi ba tare da magani ba. Kafin damina ta sauka a hau rufi a toshe yoyo, a yashe kwata. Siminti da taki da sukari ba sa yafe danshi.

Na tara: kyamara

Tana taimako, amma ba ta tare kowa. In za ka sa, ɗaya ta kalli ƙofa daidai tsayin fuska, ɗaya teburin kuɗi, ɗaya wurin lodi. Akwatin da ke naɗar hoton a ɓoye shi, a haɗa shi da batir, a daidaita agogonsa. Ka sani yana goge tsohon hoto in ya cika, saboda haka ranar da abu ya faru a kwafe a ranar.

Na goma: idan an kama wani

Nan ne mai gaskiya ke komawa mai laifi. Doka ta yarda mutum ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Ba duka, ba ɗauri a jikin turke, ba kulle shi a sito har gari ya waye, ba ɗaukar bidiyonsa a watsa a Facebook. A kasuwa ihun "ɓarawo" kan tara jama'ar da ba mai iya tsayar da ita, don haka aikin maigadi a wannan lokacin ya haɗa da kare wanda ya kama: a shigar da shi ofis, a rufe get, a kira hukuma. A bar wurin da aka fasa yadda yake, a ɗauki hoto, a rubuta abin da ya ɓace daga littafin sito, a karɓi sunayen shaidu.

In na cikin gida ne, yaron shago ko ɗan uwa, za a zo maka da roƙo, iyaye da malamai da maƙwabta. Yafiya taka ce, ba mai hana ka. Amma a zauna gaban shugaban kasuwa ko mai unguwa, a rubuta abin da ya ɗauka da yadda zai biya, mai tsaya masa ya sa hannu, kuma kada ya koma kan makulli ko kuɗi. Sannan a koma a binciko ta wace kafa abin ya bi, a toshe ta, domin wanda zai gaje shi ita zai tarar.

Abin da ya fi ƙarfin gadi, kamar gobara da ambaliya da babbar fasa, shi ake kai wa inshora. Ga wanda ke da damuwa ta fuskar addini akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ke ba wa kamfanoninsa lasisi. Karanta sharuɗɗan kafin ka sa hannu, wasu suna buƙatar a sami maigadi da tukunyar kashe gobara a wurin. Ranar biyan diyya kuma abin da za su nema shi ne rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, da rasit ɗin sayen kaya, da littafin sito. Saboda haka duk ƙarshen mako a ɗauki hoton shafukan littafin da waya, kwafin rasit kuma a ajiye shi a gida, ba a cikin shagon ba.